Yaya zan tsara CV alhali aikin shagon kawuna kaɗai na taɓa yi?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum. Na kammala HND a fannin akanta, na yi hidimar ƙasa a wata makarantar sakandare, kuma tun da na karɓi takardar sallama nake tura CV zuwa kamfanoni da ƙungiyoyi, amma har yau babu inda aka kira ni ganawa. A shagon kwamfuta aka buga mini shi, shafi huɗu ne, an fara da ranar haihuwa, addini, jiha da ƙaramar hukuma, sannan aka jero makarantu tun daga firamare. Abin da ya fi damuna shi ne sashen ƙwarewar aiki, domin ban da aikin sanin makama na SIWES da hidimar ƙasa, abin da na yi kawai shi ne riƙe wa kawuna lissafin shagonsa na atamfa da shadda a Kantin Kwari tun ina ND. Ban saka shi ba saboda ina ganin ba aikin ofis ba ne. Ina roƙon waɗanda suka san harkar su ba ni shawara.

Yayar Matasa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ina cikin masu tantance takardun masu neman aiki a inda nake, kuma zan gaya maka gaskiya cewa abin da ka cire shi ne mafi daraja a duk abin da kake da shi. Mai neman akanta yana son ya san ko ka taɓa riƙe kuɗin wani ba tare da an samu giɓi ba, kuma wanda ya yi shekaru yana rubuta cinikin yau da kullum, yana bin bashin 'yan sari, yana ƙirga dilolin kaya idan sun iso, ya riga ya yi rabin aikin da ake koya wa sabon ma'aikaci. Saka shi da muƙamin da ya dace da gaskiyar abin da ka yi, wato mai kula da lissafi, tare da sunan shagon da shekarun da ka yi a ciki.

Sai dai kada ka tsaya a kan cewa kana taimakawa a shago. Faɗi abin da hannunka ya yi, da adadinsa. Idan 'yan sari arba'in kake bin bashinsu, rubuta arba'in. Idan kai ne ka kwashe lissafin daga littafi ka mayar da shi Excel, ko kai ne kake daidaita kuɗin da suka shigo ta POS da bayanan banki kowane ƙarshen mako, waɗannan su ne layukan da ke sa in ajiye takarda gefe domin a kira mai ita. Kalmomi irin su "mai ƙwazo" da "mai riƙon amana" kuwa kusan kowace takarda tana ɗauke da su, don haka ido ba ya tsayawa a kansu.

Shafi huɗu ya yi yawa ga wanda bai daɗe da gama hidimar ƙasa ba. Ɗaya ya isa, biyu iyaka. Cire firamare, cire addini, ka sa sunanka da lambar waya da imel a sama, kuma imel ɗin ya kasance da sunanka na gaskiya. Ka riƙa karanta kowace sanarwar aiki da kyau kana sake jera abubuwanka bisa abin da ta nema, domin manyan kamfanoni da dama manhaja ce ke fara tace musu takardu kafin mutum ya gani. Ka tura shi a PDF, kada ka ɗauki hotonsa da waya.

Malam na Zazzau:

Na yarda da bayanin Hajiya Yayar Matasa, amma ina da ƙari a wuri ɗaya. Kada ya yi gaggawar goge jiha da ƙaramar hukuma daga kowane CV. Aikin gwamnatin tarayya yana tafiya ne bisa tsarin daidaiton rabon muƙamai tsakanin jihohi, wanda kundin tsarin mulki na 1999 ya tanada, saboda haka a can za a nemi jiharsa har da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Shawarata ita ce ya ajiye iri biyu, ɗaya na gwamnati, ɗaya na kamfanoni.

Sannan ina jan kunnenka, ɗana, game da shekaru. Wasu sanarwoyin kan ƙayyade shekarun mai nema, shi ya sa matasa ke rage nasu, alhali ranar haihuwar tana nan a NIN da BVN, kuma duk ranar da aka ga saɓani aikin ne zai tafi, mutunci ya bi shi. Waɗanda za ka rubuta a matsayin masu tsaya maka kuma, ka nemi izininsu tukuna, domin abin kunya ne a kira malaminka ya ce bai tuna ka ba.

Ɗan Fagge:

Na gode ƙwarai, Hajiya da Malam, Allah ya saka da alheri. Tambaya ɗaya ta rage mini: shin ya dace in sa kawuna cikin masu tsaya mini, tunda shi ne ya ga aikina da idonsa?

Yayar Matasa:

Shaidar ɗan'uwa ba ta da nauyi sosai a wurin masu ɗaukar aiki, ko da gaskiya ya faɗa. Ka fara sa shugaban makarantar da ka yi wa hidima da malaminka na sashen akanta. Idan ana buƙatar wanda zai tabbatar da aikin shagon, nemi ɗaya daga cikin dilolin da kuke sayen kaya a wurinsu, wanda ya saba karɓar lissafi daga hannunka, ka tabbatar lambar da za ka rubuta masa tana shiga.