Ku ba ni finafinan da ke sa dariya alhali labarin ba na dariya ba ne

ɗan_gwammaja ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan gida. Dan Allah ina neman shawarar masu kallo na gaske. Akwai wani irin fim da na rasa ajin da zan sa shi, ba camama ba ne irin na marigayi Ibro da za ka yi ta ƙyaƙyata dariya ka tashi zuciyarka fes, wannan kana dariya kana jin kamar bai kamata ba, don abin da ke faruwa a ciki mutuwa ce ko talauci ko zalunci. Abin da ya jawo tambayar shi ne Parasite, fim ɗin Koriya ta Kudu na 2019 wanda Bong Joon-ho ya yi. Farkonsa wallahi dariya zalla, gida guda uba da uwa da yara biyu suna zaune a wani ɗaki rabinsa a ƙarƙashin ƙasa, suna naɗe kwalayen fiza don su ci abinci, suna hawa kusa da masai da waya a hannu suna farautar waifai ɗin maƙwabta, daga nan suka dinga shiga gidan wani attajiri ɗaya bayan ɗaya da sunan 'yan aiki ba tare da masu gidan sun san dangi ba ne. Sai da aka zo maganar wari, yadda maigidan ke ƙorafin warin jikin direbansa, nan dariyata ta tsaya. Na ga dalilin da ya sa ya ci Oscar na fim mafi kyau a 2020, shi ne na farko da ba da Turanci aka yi ba da ya taɓa cin wannan.

To irin wannan nake so. Kowace ƙasa ce ba matsala, tsoho ko sabo, in dai akwai fassara a rubuce a ƙasa.

Baba_Na_Fagge ya rubuta:

Wa alaikumus salam yaro. Ku yaran yanzu komai sai kun tafi Koriya, alhali Indiya da muka tashi muna kallo a silima sun yi wannan abin tun ba a haife ku ba, sai dai ba su ne ake kawo mana ba, mu na soyayya da rawa da faɗan bos ake turo mana.

Nemi Jaane Bhi Do Yaaro na 1983, Kundan Shah ne darakta. Wasu masu hoto biyu ne, Naseeruddin Shah da Ravi Baswani, sun buɗe shago a Bombay babu ciniki, sai wata editar jarida ta ɗauke su su bankaɗo cuwa-cuwar da ke tsakanin 'yan kwangila da kwamishinan birni. Ana cikin haka aka kashe kwamishinan. To daga nan gawar ta zama jaruma, kowa na nemanta, masu hoto na son ta a matsayin hujja, 'yan kwangila na son su ɓatar da ita, aka yi ta yawo da mamaci cikin gari har aka lulluɓe shi da kayan mata, ƙarshe aka faɗa da shi kan dandalin da ake wasan kwaikwayon Mahabharata, tsohon labarin Indiyawa, mutane na kallo suna tafi ba su san gawa ce a tsaye ba. Satish Shah da ya fito a gawar ya fi wasu masu rai iya aiki. Ba zan faɗa maka wa aka ɗaure ba da gadar da 'yan kwangilar suka gina ta rufta, amma in ka san yadda duniya take ka riga ka sani.

Na biyu kuma wanda ni a wurina ya fi ciwo, Peepli Live na 2010, wata mata Anusha Rizvi ce ta ba da umarni, kamfanin Aamir Khan ya shirya. Manomi ne bashin banki ya ci gonarsa, sai aka ce masa ai gwamnati na biyan diyyar rupi 100,000 ga iyalan manomin da ya kashe kansa saboda bashi. Yayansa ya lallaɓa shi ya yarda shi zai yi. Magana ta fita, 'yan jarida suka cika ƙauye da motoci da kyamarori suna jiran ranar, ga zaɓe ya matso, wani ɗan siyasa na so ya mutu don a kunyata gwamnati wani na so ya rayu, jami'an gwamnati suka kawo masa famfon tuƙa-tuƙa kyauta ba tare da kuɗin kafawa ba aka ajiye a tsakar gida. Har bayan gida ba ya iya zuwa sai an bi shi da kyamara. Kuma a ƙauyen nan akwai wani tsoho da ke haƙar ƙasa yana sayarwa don ya ci, ya mutu shiru, babu gidan talabijin ɗin da ya waiwaye shi.

Maman_Hanifa ta rubuta:

Baba ina wuni, a gafarce ni zan ɗan saɓa. Ni fa wasa da gawa ɗin nan bai kwanta min ba ko a fim ne, mutuwa ba abin raha ba ce, mu da aka koya mana ko makara aka wuce da ita mu nutsu. Na taɓa fara kallon Fargo na 1996 saboda an ce min matar da ta fito a 'yar sanda mai tsohon ciki, Frances McDormand, ta ci Oscar da shi, kuma gaskiya ta burge ni, ga hankali ga sanyin hali, amma dillalin motocin nan da ya yi hayar 'yan ta'adda su sace matarsa don ya karɓi kuɗin fansa a wajen surukinsa, ku yi haƙuri a halin da muke ciki na garkuwa da mutane ban ga abin dariya ba ko kaɗan, kashewa na yi.

Amma ɗan_gwammaja ƙanena in kana son mai ɗaci ba tare da jini ba, ga Mandabi na 1968, na Ousmane Sembène ɗan Senegal, da yaren Wolof aka yi shi. Wani dattijo ne a Dakar ba shi da aiki, mata biyu da yara rututu, sai ɗan 'yar'uwarsa da ke shara a Faris ya aiko da takardar kuɗi ta gidan waya. Kafin ma ya ga takardar labari ya zaga unguwa, matansa sun ci bashin shinkafa a kanti, maƙwabta sun fara sallama kowa da matsalarsa. Ya je karɓa aka ce sai da katin shaida, ya je neman kati aka ce sai da takardar haihuwa, ita kuma ba a ba shi don bai san ranar da aka haife shi ba, ga hoto ana nema, kowace ƙofa sai ya ba da wani abu. Yana ta yawo cikin babbar riga yana kare mutunci aljihu babu ko sisi. Duk wanda ya taɓa bin layin neman wata takarda a ofis zai yi dariya har da hawaye.

Xala ma nasa ne, 1975, Alhajin da ya ƙaro ta uku daren farko abu ya ƙi, amma wannan kar ka kunna a falo gaban su Hajiya, na dai faɗa maka.

injiniya_ba_aiki ya rubuta:

Anti Maman Hanifa maganarki a kan hanya take, sai dai ni yadda na fahimta masu kyau a cikin finafinan nan ba mamacin suke yi wa dariya ba, masu ran da ke tsaye a kansa kowa na lissafin abin da zai samu su ake tona wa asiri. In fim ya koma yi wa wanda aka zalunta dariya ni ma tashi nake.

Misali The Death of Stalin na 2017, Armando Iannucci. Stalin shugaban Tarayyar Sobiyet ya faɗi a ɗakinsa a watan Maris 1953, masu gadi sun ji faɗuwar amma babu mai ƙarfin halin buɗe ƙofa don tsoron kar a harbe shi, manyan gwamnati suka taru a kansa yana kwance cikin fitsarinsa suna muhawarar ko a kira likita, sai aka tuna ai ƙwararrun likitocin Mosko shi da kansa ya sa an kwashe su. Kowa na kukan ƙarya yana satar kallon na kusa da shi ya ga wa ya fi iya kuka. Steve Buscemi ne Khrushchev, ɗaya daga cikin manyan gwamnatin, amma wanda ya fito a Beria shugaban 'yan sandan ciki shi zai hana ka barci, yana raha yana miƙa jerin sunayen waɗanda za a kashe. Sun ɗan matse tarihi, a zahiri sai Disamba 1953 aka kashe Beria, fim ɗin ya nuna kamar kwana kaɗan ne bayan jana'iza. Rasha ta hana nuna shi a farkon 2018 ana gab da fara haskawa.

Kakansu duka kuma Dr. Strangelove na Stanley Kubrick, 1964, baƙi da fari ne kar ka raina. Ka tuna shekara biyu kacal kafin nan, a 1962, saura ƙiris Amurka da Tarayyar Sobiyet su yi wa juna ruwan nukiliya kan rikicin Kuba, mutane na cikin wannan tsoron ya fito da fim na barkwanci a kai. Wani janar ɗin Amurka ne ya zautu, ya yarda 'yan gurguzu na zuba wani abu a ruwan sha, ya tura jiragen yaƙi su jefa bam ba da izinin kowa ba. Peter Sellers shi kaɗai ya fito a mutum uku. Sin ɗin da nake maimaitawa shi ne inda hafsan da ya gano lambar dawo da jiragen yake son kiran shugaban ƙasa ta wayar da ake jefa wa tsabar kuɗi ba shi da canji, ya roƙi wani soja ya fasa injin sayar da Coca-Cola, sojan na jan ƙafa wai kayan kamfani ne, duniya kuma saura mintuna ta ƙone.

yar_tudunwada ta rubuta:

Duk kun tafi waje kun bar na gida. Confusion Na Wa, 2013, Kenneth Gyang ya yi, har da Ali Nuhu a ciki ya fito a ma'aikacin ofis ɗin da kowa ke takawa, ga Ramsey Nouah ga OC Ukeje. Wasu zauna-gari-banza ne suka tsinci waya suka ga saƙonnin cin amanar aure suka ce sun samu hanyar kuɗi, daga nan komai ya dagule. Shi ya ci fim mafi kyau a AMAA, gasar finafinan Afirka, ta shekarar. Akwai zagi da maganganun banza da yawa fa, sa abin kunne.

ɗan_gwammaja ya rubuta:

Kai jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Baba na rubuta duka biyun, da Peepli Live zan fara. Anti na ji gargaɗi, Xala sai an yi barci. Injiniya shi Dr. Strangelove ɗin Turancinsa mai sauri ne ko wanda ya tsaya a sakandare zai iya bi? Sannan wanda ya san inda ake samun Mandabi da fassarar Turanci ya taimaka, wanda na gani fassarar Faransanci ce kawai a ƙasa kuma datata ta kusa ƙarewa.