Ramukan Redmires: hoton sama kaɗai ya isa hujja?

Mai Safiyo: Ni dai ina nan kan bakata. Ramukan da ke tuddan Redmires, yamma da Sheffield a Ingila, hoton da aka ɗauka daga jirgin sama kaɗai ya isa ya nuna na atisayen soja ne. Ramin yaƙi ba ya miƙewa sambal. Yakan yi 'yan taku ya karya kwana, ya sake karyawa, don in bam ya faɗa ciki ɓaraguzansa su tsaya a lungu ɗaya, kuma maƙiyi ba zai tsaya a baki ya harbe layin duka ba. Manomi ba ya wahalar da kansa haka.

Malama: Malam, ka yi sauri. Tuddan arewacin Ingila cike suke da magudanan ruwa da aka haƙa bayan 1945 don busar da ƙasa saboda tumaki, ga ramukan masu fasa dutse, ga tsofaffin hanyoyin dawaki da suka zaizaye. Hotunan da sojan saman Birtaniya suka ɗauka a shekarun 1940 yawanci a ma'aunin kusan 1:10,000 suke. Rami mai faɗin mita 2 ya koma milimita 0.2 ke nan a takarda, bai fi silin gashi biyu ko uku ba.

Injiniya: Malama ta yi gaskiya a ma'auni, amma akwai mafita. Ana ɗaukar hotunan ne kowane yana maimaita kashi 60 cikin 100 na wanda ya gabace shi. In ka jera biyu ƙarƙashin gilashin duba zurfi, tudu da kwari sai su fito. Daga nan ka bi ruwa. Magudana dole ta gangara ta zube a rafi. Ramin soja kuwa yakan ratsa gefen tudu yana fuskantar inda aka ƙaddara maƙiyi yake, da layi na biyu a bayansa, da wani mai lanƙwasa da ya haɗa su.

Mai Safiyo: To ai maganata ke nan.

Malama: Ba ita ba ce. Lokacin ɗaukar hoton ma yana ruɗi: da tsakar rana babu inuwa, ramin da ya cike ya rage zurfin gwiwa sai ya ɓace, sai da hantsi ko la'asar sakaliya yake fitowa. Kuma ko siffar ta tabbata, hoton 1946 ba zai ce maka 1915 aka haƙa ko 1941 ba. Abin da ya tsayar da zancen Redmires takardu ne: bataliyar birnin Sheffield ta yi sansani a wurin daga Disamba 1914 zuwa Mayu 1915, kafin ta yi mummunar asara a fagen fama a Serre, Faransa, ranar 1 ga Yuli 1916, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Injiniya: A ƙara da taswirar gwamnati ta kafin 1914, a ga me ke wurin tun da. Sannan a taka da ƙafa. Kwanson harsashin .303, na bindigar sojan Birtaniya, yana ɗauke da shekarar ƙera shi a gindi, sai dai ba a tono babu izini, domin irin waɗannan filaye na iya ɓoye bam da bai tashi ba.

Mai Safiyo: Na sallama a kan shekara. A kan siffa kuwa, ku kawo min magudana ɗaya mai karya kwana a jere haka.