Jiki Magayi Ne, Amma Kullum Gaskiya Yake Faɗa?

Uwar Biyu: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da magana, na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Shekara uku ke nan da muka yi haɗarin mota. Karayar hannu ta ɗinke cikin wata biyu, amma firgicin ya ƙi tafiya. Da na ji ƙarar birki, ko a talabijin ne, sai gabana ya yanke ya faɗi, tafin hannuna ya jiƙe sharkaf. An yi ta ce min in manta, kamar mantuwa a hannuna take. Abin da ya cece ni, wata ce ta koya min sauraron jikina: in zauna, in ji tafin ƙafata a ƙasa, in lura ina ne ya ɗaure, wuya ko kafaɗa, in ja numfashi in sake shi a hankali. Yau ina shiga mota. Shi ya sa nake cewa firgici a jiki yake zaune ba a kai ba, zaman ba wa likita labari ɓata lokaci ne. Kuma tun da na fara, in jikina ya ba ni abu, bai taɓa yi min ƙarya ba.

Malam: Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah ya ƙara lafiya. Amma kin haɗa magana uku a ƙulli ɗaya. Ta farko, cewa abin ya taimake ki, ba mai musu. Ta biyu da ta uku kuwa, a nan za mu ja.

Anti Nas: Ni ma ta biyun ce ta tsaya min a rai. Shekaruna da yawa ina jinyar masu irin wannan lalura. Jiki da kai ba gida biyu ba ne, Hajiya. Akwai wani ɗan sashe a ƙwaƙwalwa, amigdala, aikinsa gadi. Shi ne ya ji birkin nan ya buga ƙararrawa kafin ki yi tunani, sinadarin adiranalin ya kwararo, zuciya ta hau dukan uku-uku. To jikin ne ya ji, amma mai gadin a kai yake. Numfashin da kike sakewa a hankali kuwa ba tsafi ba ne: duk lokacin da mutum ya fitar da numfashi bugun zuciyarsa yana ɗan lafawa, ta hanyar wata jijiya mai suna bagus da ta sauko daga kai zuwa ƙirji da ciki. Akasarin zarurrukanta saƙo suke kaiwa sama, daga jiki zuwa ƙwaƙwalwa.

Uwar Biyu: To Anti, ai kin tabbatar da maganata ke nan.

Anti Nas: Rabinta. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagororinta na 2013, hanyoyi biyu ta sa gaba ga masu PTSD, wato ciwon firgicin da ke biyo bayan mummunan abin da ya sami mutum: zama da ƙwararre a tunkari abin da ya faru a gyara yadda ake tunaninsa, da kuma EMDR, wadda ake tuno abin ana bin yatsan likita da ido. Wannan zaman da kika kira ɓata lokaci shi ya fi tarin hujja a bayansa.

Yaya Babba: Anti, kada a danne ɗaya ɓangaren. Likitan nan Bessel van der Kolk da abokan aikinsa sun fitar da bincike a 2014 kan mata 64 masu PTSD wadda ta daɗe ta ƙi jin magani. Aka raba su biyu, rabi suka yi yoga, wato motsa jiki a hankali tare da lura da numfashi, mako goma, rabi aka yi musu darasin kiwon lafiya. A ƙarshe kashi 52 cikin ɗari na masu yoga sun fita daga ma'aunin ciwon, ɗaya rukunin kashi 21. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai mutanen da in aka ce su buɗe baki su faɗi abin da aka yi musu, harshen ma ba ya ɗaguwa. Irinsu ta ina za a fara in ba ta jiki ba?

Malam: Mata 64 fa, Yaya. Kuma su masu binciken ƙari kan magani suka kira shi, ba madadinsa ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake ɗaukar ƙaramin sakamako a hura shi. Peter Levine, mai koyar da magance firgici ta hanyar jiki, ya gina hanyarsa kan lura da cewa dabbar da ta kuɓuta daga mafarauci takan yi karkarwa sannan ta koma kiwo, wai mu ma mu bar jiki ya ƙarasa abin da ya katse. Labari ne mai daɗin ji, amma daɗin ji ba hujja ba ne. Ita ma ƙa'idar masani Stephen Porges ta 1994 kan jijiyar bagus, da masu koyarwa a intanet ke rerawa kamar karatu, masana aikin jiki da dama suna ja da ginshiƙanta.

Auta: Ku yi haƙuri in sa baki, ni ce ƙarama a nan. Ni sauraron jikin ne ya kusa haukata ni. Na bi wani darasi a waya, aka ce in rufe ido in bi jikina daga yatsun ƙafa zuwa kai. Da na iso ƙirji na ji zuciyata tana bugawa, sai na ce shi ke nan, ciwon zuciya ne. Ina saurare tana ƙara gudu, tana ƙara gudu ina ƙara saurare. Cikin dare aka kai ni asibiti, aka yi gwaji, ba a ga komai ba. Wata shida ina yawo da yatsa a wuya ina ƙirga bugu.

Anti Nas: Sannu ƙanwata. Abin da ya same ki sananne ne. David Clark, masanin halayyar ɗan Adam, ya bayyana shi tun 1986: mutum ya ji motsin jiki na yau da kullum, ya fassara shi da mutuwa, tsoron ya ƙara motsin, a yi ta zagaye. Shi ya sa masu aikin da hankali ba sa cewa wanda aka ci zarafinsa ya rufe ido farat ɗaya. Ido a buɗe, a fara da tafin ƙafa ko hannu, minti ɗaya ko biyu, in ya yi nauyi a tsaya a kalli bango a ƙirga abin da ke ɗakin.

Uwar Biyu: Wallahi Auta ban san haka na faruwa ba. Ni wadda ta koya min tana zaune kusa da ni, da ta ga numfashina ya canja sai ta ce in buɗe ido. Amma maganar jikina ya ba ni, ita kam ban janye ba.

Baban Yara: Ni ma ina bayanki, Hajiya. Shekara ashirin da biyu ina tuƙin babbar mota. Wata rana ina tafe, komai lafiya, sai na ji raina bai kwanta ba. Na faka na zagaya, ashe notocin tayar baya sun kwance saura kaɗan. Wa ya gaya min in ba jiki ba?

Malam: Sitiyari ne ya gaya maka, Alhaji, ta tafin hannunka. Shekara ashirin da biyu hannun nan yana koyon yadda lafiyayyar mota ke rawa, ranar ya ji baƙuwar rawa kafin kai ka farga. Daniel Kahneman da Gary Klein, masana halayyar ɗan Adam waɗanda suka daɗe suna saɓani kan wannan batu, sun yi rubutu tare a 2009 suka daidaita a kan sharaɗi biyu: a yarda da irin wannan ji in fagen yana da tsari mai maimaituwa, kuma mutum ya daɗe a cikinsa yana ganin sakamakon hasashensa. Mota ta cika sharaɗin. Amma in jikinka ya ba ka cewa baƙon da ka gani yau maƙaryaci ne, a ina ya koya?

Yaya Babba: Akwai dai gwajin katin nan na jami'ar Iowa ta Amurka, 1997, na su Antonio Damasio, masanin ƙwaƙwalwa. Tarin kati huɗu aka ba mutane su riƙa zaɓa, biyu daga ciki masu janyo asara. Fatar 'yan wasan ta fara tsatsafo gumi in sun kai hannu kan miyagun tun kafin su iya faɗin dalili.

Malam: Haka ne. Sai dai a 2004 wasu masu bincike, Maia da McClelland, sun sake gwajin da tambayoyi masu zurfi, suka tarar mutanen sun san abin da ke gudana fiye da yadda aka zata. Ban ce jiki ba ya magana ba. Hajiya, ki dubi labarinki da kanki. Birki a talabijin, gabanki ya faɗi. Akwai mota a ɗakin?

Uwar Biyu: Babu.

Malam: To ranar jikinki ya ba ki, kuma ba daidai ba ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura. Gaskiyar saran yake faɗa, ba gaskiyar tsumman ba.

Uwar Biyu: Kai Malam, ka kama ni da bakina. Amma ai shi ne amfanin sauraron. Da can duk faɗuwar gaba ɗaya ce a wurina. Yanzu ina bambancewa: ta haɗarin tana zuwa da ƙarfi, kafaɗa ta ɗaure, in ji kamar in ruga. Ɗayar shiru take zuwa, ba ta da gaggawa.

Anti Nas: Wannan bambancewar na yarda tana da amfani, muna koyar da ita ma. Amma mai shirun ita ma a gwada ta. Ki sami littafi, duk ranar da jikinki ya ba ki abu ki rubuta kafin ki ga ƙarshensa, da kwanan wata. Mutum yana riƙe wanda ya ci ne, ya manta goman da ya faɗi.

Auta: Anti, ni fa har yanzu in na ji bugun sai in tsorata. In koma sauraron ko in bari?

Anti Nas: Kada ki koma ke kaɗai da waya. Ki nemi likitan ƙwaƙwalwa ko ƙwararren mai ba da shawara, ki gaya masa daidai yadda kika gaya mana, har da yatsan a wuya. Akwai hanyar da ake sa zuciyar ta yi gudu da gangan, a gabansa, kamar hawa matakala, har jiki ya gane gudun ba mutuwa ba ne.

Uwar Biyu: Littafin zan saya, Anti. Malam, wata uku, za ka gani.

Malam: Ina jira, Hajiya. Da biro za ki rubuta fa, ba fensir ba.