Tambaya: yaya ake gane wanda zai kafa gwamnati tun kafin a kaɗa ƙuri'a?

Ɗan Birni: Assalamu alaikum. A ƙasashen da majalisa ke fitar da shugaban gwamnati, kamar Jamus, rediyo kan ce jam'iyya kaza ce kan gaba, amma daga baya a yi ta cinikin ƙawance wata da watanni. Masana, yaya ake lissafin nan?

Na Garin Malam: Wa alaikumus salam, ƙanena. Bar kallon wadda ke kan gaba, fara duba ƙanana. Binciken jin ra'ayin mutum 1,000 na iya kuskurewa da kusan maki 3 sama ko ƙasa. Ga babbar jam'iyya wannan ba komai ba ne, ga wadda ke bakin shinge kuwa shi ne shiga ko rashin shiga majalisa. A Jamus shingen, wato mafi ƙarancin ƙuri'un da jam'iyya ke buƙata don shiga majalisa, kashi 5 cikin 100 ne. A zaɓen Fabrairun 2025, jam'iyyar BSW ta tsaya a 4.98, jam'iyyar FDP a 4.3, duk suka rasa kujeru. Majalisar na da kujeru 630, rinjaye 316. CDU/CSU ta samu 208, SPD 120, jimilla 328, suka kafa gwamnati su biyu. Da BSW ta tsallake, da sai sun nemi ta uku. Saboda haka yi lissafi biyu: ɗaya da ƙaramar jam'iyyar a ciki, ɗaya babu ita. Sannan ka cire wadda kowa ya rantse ba zai zauna da ita ba. AfD ta samu kujeru 152, amma a lissafin ƙawance ba sa shiga.

'Yar Zango: Malam ya yi daidai, sai dai kashin ƙasa baki ɗaya ba shi ne kujeru ba in ana rabo jiha-jiha. A ce jiha na da kujeru 5, ƙuri'u 100,000: A 51,000, B 29,000, C 12,000, D 8,000. A tsarin D'Hondt ana raba ƙuri'un kowacce da 1, 2, 3, a ɗauki manyan lambobi biyar: 51,000, 29,000, 25,500, 17,000, 14,500. A ta ci 3, B 2, C ta tashi a tutar babu. A tsarin babban saura kuwa, kowace kujera ƙuri'a 20,000 ce: A 2, B 1, ragowar biyun su je wa masu saura mafi yawa, wato C (12,000) da A (11,000). Ƙuri'un ba su canja ba, amma B ta rasa kujera. Karanta dokar zaɓe kafin ka taɓa alƙalami.

Dattijon Sabon Gari: Yaran nan, lissafinku na ranar zaɓe ne. Ku tuna 1993 a nan Nijar, ko da yake tsarinmu na lokacin yana da shugaban ƙasa da firaminista. MNSD-Nassara ce ta zo ta ɗaya da kujeru 29 cikin 83, amma ƙawancen AFC ya tara 50: CDS-Rahama 22, PNDS-Tarayya 13, ANDP-Zaman Lahiya 11, da ƙanana. A zaɓen shugaban ƙasa, Tandja Mamadou na MNSD ya wuce kowa a zagayen farko, ɗan Damagaram Mahamane Ousmane na CDS ya ci na biyu. Watan Satumban 1994 Mahamadou Issoufou na PNDS ya ajiye muƙamin firaminista, PNDS ta fice daga AFC. Cire 13 daga 50, saura 37, rinjaye kuwa 42 ne. Aka rusa majalisa, zaɓen Janairun 1995 ya ba ɓangaren MNSD da PNDS 43, Hama Amadou na MNSD ya zama firaminista, aka yi zaman doya da manja tsakaninsa da shugaban ƙasa Ousmane har juyin mulkin 27 ga Janairun 1996.

Ɗan Birni: To Baba, da wace alama za a gane ƙawancen da zai rushe?

Dattijon Sabon Gari: Ɗauki abokan ƙawancen ɗaya bayan ɗaya, cire kujerun kowacce. Wadda fitarta ke karya rinjaye, duba me aka ba ta: firaminista, shugabancin majalisa, ko ma'aikatar kuɗi. In shugabanta ma na hangen kujerar sama a zaɓe na gaba, kada ka lissafa mata wa'adi cikakke.