Harsunan da muka tsinta a fagen wasa

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina son jin gogewar waɗanda suka koyi harshen waje a wasannin intanet, irin waɗanda mutum ke zama wani jarumi cikin runduna ɗaya da mutanen wasu ƙasashe. Ni dai bakina ya buɗe da Turanci ne a RuneScape, domin kafin a kafa kasuwar Grand Exchange a 2007, dole mutum ya rubuta tallan kayansa da kansa, ya yi tayi, ya ce albarka, kuma wanda bai fahimci abokin cinikinsa ba shi ke kwana ciki.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Nawa Faransanci ne, a World of Warcraft, wasan da ya fito a 2004. Abin da ya fi kama ni shi ne wasa da harshe. A lokacin, ɓangarorin wasan biyu, Horde da Alliance, ba sa jin maganar juna, saboda wasan yana hargitsa rubutun abokin gaba, har "lol" ta koma "kek", mu kuwa muka mayar da ita dariyarmu. A rundunarmu akan lanƙwasa kalmomin Turanci a ɗora musu ƙarshen aikatau na Faransanci, kuma ta wannan raha na gane yadda aikatau ke sauyawa, abin da ya gagare ni a aji. Ranar da na yi barkwanci aka amsa mini da "mdr", wato dariyar Faransawa a rubuce, ranar kunyar magana ta sake ni.

Amsa ta biyu: Malam, na shaida hakan. A Final Fantasy XIV akwai jerin jimloli da ke fassara kansu tsakanin Japananci, Turanci, Faransanci da Jamusanci. Da su na fara rarrafe, daga baya na riƙa rubuta gaisuwar Japananci "yoroshiku onegaishimasu" da hannuna kafin a shiga yaƙi, da "otsukaresama", wato sannu da aiki, bayan an gama, domin na lura abokan wasana ba sa farawa ko watsewa ba tare da su ba.

Amsa ta uku: Ban musa ba, amma harshen wasa gajere ne, cike da umarni da taƙaitattun kalmomi. Na iya cewa a ja da baya ko a warkar da ni cikin daƙiƙa, amma da na zo rubuta wasiƙar neman aiki sai na tarar ba ni da kalmomin ladabi, dole na koma ga littafin nahawu. Yanzu ina karanta labarin kowane aiki da wasan ya ba ni a hankali, da ƙamus a gefena, maimakon in tsallake shi.