Ina gane kalmomi a karatu, amma ba sa zuwa bakina

Tambaya:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Shekara biyu ke nan ina koyon Turanci, kuma ina da littafin da nake rubuta kowace sabuwar kalma da ma'anarta a ciki. Idan ina karanta labari nakan gane mafi yawansu, amma da zarar an ce in yi magana ko in rubuta wasiƙa, sai su ɓace mini kamar ban taɓa ganinsu ba. Shin za a ce na san waɗannan kalmomi? Kuma in ci gaba da tara sababbi, ko in dakata?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Malam, kada gwiwarka ta yi sanyi, domin masana sun raba sanin kalma gida biyu: sanin ganewa, wanda ake aiki da shi wajen ji da karatu, da sanin sarrafawa, wanda ake buƙata wajen magana da rubutu. Na farko yakan fi na biyu yawa ko a harshen da mutum ya tashi da shi. A shekarar 2001 Paul Nation, masanin koyar da harsuna, ya bayyana cewa sanin kalma ya ƙunshi siffarta, wato furuci da rubutu, da ma'anarta, da yadda ake amfani da ita. Littafinka ma'ana kaɗai ya kama.

Amsa ta biyu:
Ni abin da ya fi damuna shi ne zurfi. Tun 1981 masana biyu, Anderson da Freebody, suka bambance faɗin sani, wato yawan kalmomi, da zurfinsa. Ka dubi kalmar "ci" a Hausa. Baƙon da ya haddace cewa ita ce sa abinci a baki zai ɗauka ya gama da ita, sai ya ji an ce wane ya ci amana, wance ta ci jarrabawa, kasuwa tana ci, wuta ta ci rumbu, ya tsaya yana zare ido. Haka kalmomin Turanci da aka fi yawan amfani da su suke, kuma a ganina su ya kamata ka fara komawa kansu, ka rubuta kowace tare da kalmomin da take tafiya da su, cikin cikakkiyar jimla.

Amsa ta uku:
Amma kada ka daina tarawa, ɗan'uwa. Binciken Nation na 2006 ya nuna ana buƙatar dangin kalmomi 8,000 zuwa 9,000 (kowane dangi shi ne kalma tare da waɗanda aka tsiro daga gare ta) kafin a gane kashi 98 cikin ɗari na kalmomin da ke cikin rubutun Turanci irin na jarida. Abin da za ka sauya shi ne hanyar bita: ka rufe gefen Turancin, ka dubi ma'anar Hausa, ka nemo kalmar da kanka, sannan ka furta ta a jimla.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Ashe gefen Hausar nake rufewa kullum. Daga yau zan juya.