Ina ake kai masara a gyara mata ƙwayar halitta?

Ummu_Sadiq: Assalamu alaikum. Ina digiri na biyu a fannin inganta iri a nan Abuja. Akwai wata ƙwayar halitta da muke zargin tana da hannu wajen jure fari, malamina ya ce a kashe ta da CRISPR, wato fasahar yanka da gyara ƙwayar halitta, mu ga yadda masarar za ta yi. Ɗakin gwajinmu ba shi da kayan rainon tsiro a kwalba. Akwai masu yin aikin a biya su? Kuma za su karɓi farar masarar da muke nomawa a Gwagwalada?

Dattijon_Lugbe: Wa alaikumus salam, ’yata. Akwai, galibi a jami'o'in Amurka da Turai, misali Cibiyar VIB da ke Beljiyam. Amma cire rai da masararki ta Gwagwalada. Masara tana da taurin kai a kwalba. Ana ciro ɗan tayin ƙwaya ne kwana 10 zuwa 12 bayan barbara, bai fi milimita 2 ba, a haɗa shi da bakteriyar Agrobacterium ta shigar da saƙon CRISPR ɗin cikinsa, sannan a lallaɓa shi ya zama tsiro. Irinmu na ƙasashe masu zafi yawanci a nan yake cijewa. Shi ya sa suke aiki da irin masarar B104 ko Hi-II, waɗanda ke yarda su tsiro a kwalba. Sai iri ya dawo hannunki ki yi ta barbara da namu, kaka bayan kaka. Ki lissafa wannan da watannin da suka rage miki kafin ki biya ko sisi.

AbbaKubwa: To ba ita ce TELA ɗin da ake ta cece-kuce a kanta ba? Ni dai tuwona na gargajiya ya ishe ni.

Dattijon_Lugbe: Abba, hanyar shiga ɗaya ce, kayan ne daban. TELA, wato SAMMAZ 72T zuwa 75T da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR Samaru ta fitar a 2024, an sa mata ƙwayar halitta daga bakteriya don ta kashe tsutsa. Ita Ummu tata ta cikin masarar za ta kashe. Ummu, kada ki manta da Hukumar NBMA, mai sa ido kan irin da aka gyara wa ƙwayar halitta a Najeriya. Tun 2020 take da ƙa'idojin wannan aiki, kuma da izininta ake shigo da irin.

Ummu_Sadiq: Na gode, Baba. Wata 14 ya rage min, ga kuɗin dala. Gobe zan tambayi malamina ko mu tsaya a B104 ɗin kawai, barbarar ta jira digiri na uku.